Ranar da Na Ɗora Kamiyo a Kan Karatun Ƙanwata

Shekara shida autarmu ta yi a ƙasar waje tana karatun ƙarfe, ni kuma shekara shida na yi a Zinder ina yi wa mutane bayanin karatun nata ba tare da na taɓa tambayarta abin da take yi ba. Ban ga amfanin tambaya ba. Ni mushe ne, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, labarin ƙasa nake koyarwa a kwaleji. Mutumin da ya shekara ashirin yana yi wa yara bayanin teku alhali bai taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin bayan gari ba, ai bayanin ƙarfe ba zai gagare shi ba.

A fadarmu, wato inuwar bakin gudro, titin kwalta, inda muke shan shayi kowace la'asar, na fara da cewa injiniya za ta zama. Da shekara ta zagayo na ƙara mata girma, na ce ƙarfen jirgin sama take ƙerawa. Kafin ta gama, na kusa kai ta duniyar wata. Ita tana can tana fama da sanyi da jarrabawa, ba ta san matsayin da ta taka a bakin gudro ba.

Babanmu maƙeri ne a Birni, kakanmu ma haka. Ana cewa gidanmu ne ya riƙa yi wa sarakunan da aikin ƙarfe, ko da yake duk gidan maƙeran da ka shiga a Birni abin da za su gaya maka ke nan. Yanzu dai hauya da gatari da lauje Baba yake yi wa manoman Dogo da Gouna, kuma a ganinsa duk ƙarfen da bai bi ta hannunsa ba gwangwani ne.

A lokacin kaka auta ta zo hutu, ta gama rubuta littafin doktora ɗinta, tana jiran ranar da za ta kare shi gaban malamanta. Washegarin isowarta muna zaune a tsakar gida bayan azahar, ni da Baba da Inna da kawunmu da ya zo daga Dogo da kwalbar zuma don yi mata barka da zuwa, sai ta fito da wani ɗan akwati ta ajiye gaban Baba. Ta ce tsarabarsa ce.

Abubuwa shida ne a ciki, farare kamar sabuwar tukunyar sanholo, kowanne bai fi sabulun wanki girma ba. Jikinsu duk ramuka ne masu kusurwa shida, sun ratsa daga wannan fuska zuwa waccan, bangon kowane rami bai fi farce kauri ba. Kawu ne ya fara magana.

“Ai wannan saƙar zuma ce.”

“Sunanta ke nan, Kawu,” in ji ta. “Sai dai ta ƙarfe ce.”

Baba ya ɗauki ɗaya ya ɗaga shi sama, ya leƙa rana ta cikin ramukan, ya shafa da babban yatsa.

“Wa ya huda?”

“Ba hudawa aka yi ba, Baba, ginawa aka yi. Garin ƙarfe ne mai laushi kamar garin tuwo. Inji zai shimfiɗa shi siriri a kan faranti, sai wani haske mai tsananin zafi ya bi ta kai yana narkar da inda ordinatar, wato kwamfuta, ta zana masa kaɗai. A sake shimfiɗa gari, hasken ya sake bi. Hawa kan hawa, yadda mai ginin tukunya ke yi, har abin ya tashi. Sauran garin a kakkaɓe.”

“Ba gawayi?”

“Hasken ne wutar.”

“Guduma fa?”

“Babu, Baba.”

Ya ajiye shi a hankali. “To, Allah ya kyauta. Ɗan da bai sha duka ba ma mun ga yadda yake ƙarewa.” Da ya faɗi haka ni ya kalla, ban san dalili ba.

Inna ce ta yi tambayar da ya kamata a ce na yi tun shekara shida da suka wuce. Ta ce, “In kun gama ginawa, sai a kai shi ina?”

“Sai mu sa shi a injin matsa, mu murƙushe shi.”

Har akuyar da ke ɗaure a gindin darbejiya ta daina tuƙa.

“Ku murƙushe,” in ji Inna.

“Eh, Inna. Mu auna yadda yake murƙushewa.”

“Shekara shida. Da kin faɗa tun farko, ai ga turmi ga taɓarya a gida.”

Auta ta yi dariya, ta shiga bayani. Ta ce irin wannan abu ana son sa shi a gaban mota, ko cikin hular kwano, ko ƙarƙashin kujerar jirgi, don in an yi karo shi ya shanye dukan ta hanyar lanƙwashewa, maimakon ƙashin mutum ya shanye. Ta ce ba taurinsa kaɗai ake nema ba, ana neman ya san yadda zai ba da kai a hankali. Kawu, wanda ko ƙofar lakwal, makarantar boko, bai taɓa leƙawa ba, ya gyaɗa kai ya ce ai haka saƙa take: in ka danna ta ta fuska da tafin hannu tauri gare ta, amma ka matsa ta ta gefe, nan take ta ba ka zuma. Ta tafa hannu ta ce Kawu ya gama mata karatun shekarar farko a numfashi ɗaya.

Duk wannan daga baya aka maimaita mini. A lokacin ina zaune a wurin, amma hankalina yana fada, ina tsara jawabin la'asar. Jimla ɗaya ce ta shiga kunnena, ita ma rabinta. Ta ce, “In aka tsayar da shi bakin ramukan na kallon sama, wannan ɗan guntun zai ɗauki nauyin kamiyo, babbar motar kaya.” Ni daga “wannan ɗan guntun” na fara ji.

A fadar tamu akwai wani shofar ɗan Gouna mai jigilar gyaɗa, abokin gardamata tun muna samari. Bai yi lakwal ba, shi ya sa yake da mugun halin nan na tambayar abin da bai gane ba. Na fito da hoton saƙar a portabul ɗina na zagaya da shi, na ce wannan da kuke gani, kamiyo da lodinsa ba ya yi masa komai.

Shofar ya daɗe yana kallon hoton. “Mushe, wannan abin da iska ke ratsawa?”

“Shi fa.”

“Kamiyo irin nawa?”

“Naka da na maƙwabcinka.”

“To, Asabar ina lodin gyaɗa. Kawo shi.”

Mutum mai hankali zai ce bari in tambayi mai abu. Amma yaya za a yi babban wa ya je neman izini wurin yarinyar da ya goya a kafaɗa ya kai ta allurar rigakafi? Ranar Asabar da safe, tana can tana gaishe-gaishen dangi, na buɗe akwatin. Biyu daga ciki suna da ɗigon jan fenti, sun kuma ɗan dushe. Sauran ba fenti, sai ƙyalli. Na yi amfani da ilimina na zaɓi wanda ya fi ƙyalli.

Na isa wurin lodi da hantsi cikin shaddata ta Juma'a. Labari ya riga ni. Ƴan dako sun ajiye aiki, masu kabu-kabu sun kashe moto, mai ƙosai ta matso da kaskonta don ta ga kasuwa ta koma nan. Na hango iyayen ɗalibaina biyu, na ji daɗi ƙwarai. Na yi gajeren jawabi wanda bai wuce minti ashirin ba, na taɓo tarihin Damagaram, na taɓo ƙira, na taɓo ilimin ƴaƴa mata, na nuna cewa duk wannan a gidanmu ya haɗu.

Shofar ya sa krik ya ɗaga bayan kamiyon ta gefe ɗaya har tayoyin suka bar ƙasa da kamar faɗin hannu. Ya jera ƙarafa masu faɗi a ƙarƙashi, ya bar gurbin da saƙar za ta shiga. Sannan ya ɗago kai.

“Mushe, a tsaye ko a kwance?”

Allah ya ba ni dama ta ƙarshe ta bakin mutumin da bai yi lakwal ba. Na yi tunani irin na malamai. In aka tsayar da shi ramukan za su ɓuya, mutane su ce an cusa wani abu a ciki.

“A kwance,” na ce da ƙarfi. “Ramukan su kalli jama'a, kowa ya gani ba ha'inci.”

Ya fara sassauta krik a hankali. Nauyin ya sauka a kan saƙar. Ba abin da ya faru. Na juya na fuskanci taron, na buɗe hannuwa kamar mai karɓar gaisuwar salla. Ina cikin haka na ji ƙas a bayana. Sai ƙas-ƙas. Kafin in gama juyowa abin ya tsage daga kusurwar sama zuwa kusurwar ƙasa, a karkace, rabin sama ya zame kan rabin ƙasa, tayoyin kamiyon suka zauna daram, buhunan gyaɗa suka ɗan girgiza kamar su ma dariya suke dannewa.

Mai ƙosai ce ta buɗe taro. Ta ce, “Ayya. Ko ƙosaina na jiya ya fi shi jurewa.”

Ba zan iya kwatanta dariyar da ta biyo baya ba. Shofar bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya sake ɗaga motar, ya tattara gutsattsarin da kansa, ya zuba mini a hankici, ya ce cikin ladabi, “Kada ka damu, Mushe. Wataƙila jirgin saman nata ba ya ɗaukar gyaɗa.”

Na bi ta lungunan Birni da ƙafa, na zaɓi waɗanda rairayinsu ya fi yawa don moto ba ya bi. Na tarar da auta a zaure da ordinatar a cinya. Na buɗe hankicin gabanta, na shirya jin kuka. Ta dubi gutsattsarin, ta dube ni.

“Yaya, nauyi nawa?”

“Na me?”

“Nauyin da ya fasa shi. Tan nawa ne a kan wannan tayar?”

“Kamiyo ne dai. Da gyaɗa.”

“Ka auna tsawonsa kafin ka sa? Ka ga inda ya fara tsagewa?”

Na ce lokacin na ba shi baya.

“Fasa shi bai dame ni ba,” in ji ta. “Don fasawa aka yi shi. Abin haushin, ka fasa shi a banza.”

Ba ta rufe baki ba portabul ɗinta ya yi ƙara. Wata ƙawarta ta lise, wato sakandare, ce ta turo mata bidiyo. Zinder gari ne mai son ilimi: kafin in iso gida da ƙafa, darasina ya kai Mirriya. Ta kalla sau ɗaya, ta sa hannu a baki.

“A kwance ka sa shi! Kuma ɗanyen ka ɗauka, wanda ba a gasa ba!”

Ta yi dariya har ta kwanta a tabarma. Da ta farfaɗo ta sake kallo, wannan karon tana tsayar da hoton kaɗan-kaɗan, sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ce in zo in ga layin tsagar. Ta ce haka ɗanyen yake yi a laburatuwar, ɗakin gwajinsu, a karkace, lokaci ɗaya, ba gargaɗi, amma ba ta taɓa samun hoton da ya fito da shi fes haka ba. Ta yaba wa wanda ya ɗauka. Ni da na kawo kamiyo da jama'a da shadda, ko sannu.

Dariyar ce ta fito da Baba daga maƙera. Bai tambayi komai ba, ya san komai, wani ɗan dako ya riga ya biyo ya yi masa jaje. Ya tsuguna ya ɗauki gutsure ɗaya ya duba bakin karayar, ya kai shi kusa da ido, sannan ya sake shi a kan dutsen bakin ƙofa ya saurari ƙararsa.

“Wannan ƙarfen a firgice yake,” ya ce. “An narka shi, ya huce da gaggawa. Hauyar da ka tsoma a ruwa tana ja ka miƙa wa mai ita, jibi za ta karye a gona ya zo ya zagi ubanka. Sai ka mayar da ita wuta kaɗan, ka kwantar mata da hankali, ta huce cikin toka.”

Auta ta tashi zaune. Ta shiga ɗaki da gudu ta fito da mai jan fenti, ta durƙusa gabansa. Ta ce wannan sanholo ne, halinsa da na baƙin ƙarfe ba ɗaya ba ne, amma maganar tasa tana kan hanya: hasken yana narkar da ɗigo ya wuce, ɗigon ya daskare nan take, shi ya sa abin yake fitowa da tauri da saurin karaya. Masu fentin an gasa su a tanda na wasu awoyi, su ba sa fashewa, naɗewa suke yi.

“Wannan shi ne babi na huɗu a littafina, Baba.”

“Babi na huɗu,” in ji shi. “Ni ina shekara tara aka koya mini shi da mari.”

Ya ce a ba shi ɗanye ɗaya, zai gasa da kansa. Ni aka sa zuga, a matsayin hukunci. Rabona da riƙe zugazugi tun ina aji uku, ranar da na ƙona gefen wandona na yanke shawarar cewa boko ne rabona. Auta ta tsaya a bakin maƙera tana murza hannu.

“Baba, wannan fa ba ya yin ja kafin ya narke.”

“Ƙarfe za ki koya mini?”

Ta ja da baya. Baba ya riƙe saƙar da awartaki a kan garwashi yana jiran ta yi ja, kamar yadda ya jira kowane ƙarfe shekara sittin. Saƙar ba ta sauya launi ba ko kaɗan. Tana nan fara tas, sai kawai ta sunkuya kamar man shanu a rana, ta zube cikin gawayi ta zama dunƙule. Muka tsaya mu uku muna kallonta. Baba ya yi gyaran murya.

“Zugarka ce,” ya ce da ni. “Kana hura wuta kamar kana jawabi.”

Na karɓa. A makon nan duk wani laifi da ya rasa mai shi, gidana ya sani.

Kwana biyu Baba bai sake tayar da maganar ba. Amma ranar Litinin maƙwabcinmu ya gan shi a layin masu zubin tukunyar sanholo, mutanen da ya yi rayuwarsa yana kira masu dafa gwangwani. Ya dawo da dabara: a goga wa ƙarfen sabulu, in sabulun ya yi baƙi zafi ya isa. Ya gaya mana cewa sirrin kakanmu ne da ya tuna. Ba wanda ya yi gardama. Ya zuba rairayi a tukunyar ƙasa, ya binne wata ɗanyar saƙar a ciki, ya ɗora guntun sanholo mai sabulu a sama don shaida, ya zagaye tukunyar da garwashi. Tun hantsi har la'asar yana gadinta. Wannan karon ya ce ba ya bukatar zuga.

Shofar ne ya samo mana wurin gwaji. Ina jin tausayina ya kama shi, ko kuwa yana son ƙari. Makanisen da ke gyara masa mota yana da pires, injin matsa da ake fitar da ƙarafan da suka cije, mai hannu da ake bugawa da agogo mai allura da ke nuna nauyi. Muka je mu huɗu, makanise na biyar. Auta ta jingina abin awo kusa da saƙar, ta kafa portabul a kan bulo, ta ce kowa ya yi shiru, musamman wasu.

Aka fara da mai jan fenti, a kwance, daidai yadda na sa nawa. Makanise yana buga hannu, allura tana hawa tsaye ba tangarɗa. Can sai ta tsaya. Yana ta bugawa, ita kuwa tana ƴar rawa a wuri ɗaya, saƙar tana naɗewa layi bayan layi, wannan jerin ramuka ya rufe, na kusa da shi ya karɓa, ba ƙara, ba tsalle. Sai da ramukan suka ƙare, bango ya haɗu da bango, abin ya zama kamar ƙuli-ƙulin da aka taka, sannan allurar ta zabura sama.

“Kun ga inda ta tsaya ɗin nan?” in ji auta. “Nan ne aikina duka. Muddin tana tsaye, abin yana shan duka bai miƙa wa na bayansa ba. Ina neman ta tsaya a sama, kuma ta daɗe. Ɗanye irin na Yaya yakan hau da sauri, ya fi wannan ma hawa, amma da ya tsage sai ya saki komai lokaci ɗaya.”

Shofar, wanda ya taɓa fita ta gilashin gaba a hanyar Magarya, ya shafa tabon goshinsa.

Sai aka sa na Baba. Ya matso har hularsa tana taɓa injin. Allurar ba ta kai inda ta farko ta kai ba ta tsaya, kuma gefe ɗaya ya riga ɗaya naɗewa, abin ya karkace kamar rawanin da aka yi cikin sauri. Amma bai tsage ba. Auta ta duba shi ta gaya masa gaskiya: zafin ya yi yawa, ya yi laushi fiye da kima, kuma gefen da ke kusa da garwashi ya fi gasuwa.

“Bai dai fashe ba,” in ji Baba.

“Bai fashe ba, Baba.”

“To.” Ya sa shi a aljihu tun da ɗuminsa.

Daga ƙarshe aka tsayar da ɗaya, ɗanye irin nawa sak, bakin ramukan na kallon sama. Makanise ya buga, allura ta hau. Ta wuce inda na farko ya tsaya, ta ninka, ta sake ninkawa. Ya cire riga ya danne hannun injin da nauyinsa duka. Ƙarafan pires suka fara kuka. Saƙar tana nan kamar ba da ita ake ba. Da allurar ta doshi jan layi, ya saki hannu ya ce shi pires ɗinsa ɗaya ne a duniya, wanda ke son ya ga ƙarshen abin ya kawo nasa.

Shofar ya juyo ya dube ni. “Ashe gaskiya ka faɗa, Mushe. Ba ka dai san ta ba.”

Na roƙi auta ta ba ni wannan bidiyon, na tura wa duk wanda ke cikin portabul ɗina. Mutum uku suka buɗe. Ɗaya ya amsa da cewa na farkon ya fi daɗi.

Kafin ta koma, malaman iniversite ta nan garin suka gayyace ta ta yi wa ɗalibai bayanin aikinta. Baba ya sa babbar riga ya zauna a layin gaba, ni na nemi kujerar da ke kusa da ƙofa. Ta nuna zane-zane, ta nuna injinsu, ta nuna gwajin garaji. Sannan ta ce akwai wani gwaji da wani mai sha'awar ilimi ya gudanar a fili, wanda ya nuna abin da ke faruwa in aka haɗa ɗanyen ƙarfe da kuskuren fuska. Ba ta faɗi sunana ba, Allah ya saka mata. Sai dai ga ni a bidiyon da ta haska a bango, tsawona ya kai mita biyu, hannuwa a buɗe, kuma rabin ɗaliban da ke zauren ni na koya musu sunayen koguna. Har yau in na shiga wani buro, wato ofis, a garin nan, sai in ga matashin da ke bayan tebur yana cizon leɓe.

Da aka ba da damar tambaya, Baba ya miƙe. Da Hausa ya yi, ba ya jiran tafinta. Ya ce in garin da ake narkawa ya sha iska mai laima, ba ya barin ƙananan kafofi a cikin bangon? Wani farfesa mai furfura ya nemi a fassara masa, da ya ji sai ya cire tabarau ya ce tambayar nan ita ce ke hana su barci. Baba ya zauna ba tare da ya jira amsa ba. Ba amsa ya zo nema ba.

Ta koma, ta kare littafinta, ta ci. Yanzu tana aiki a can, tana ci gaba da murƙushe abubuwa, Inna kuma ta daina faɗa wa maƙwabta ainihin aikin, tana cewa dai tana ofis.

Wata biyu bayan tafiyarta ta aiko da saƙo cewa tana son a rubuta mata yadda Baba yake gane zafin baƙin ƙarfe da ido, da Hausa da Faransanci, don ta gwada da abin da ma'auninsu ke nunawa. Da yake ni ne mai alƙalami a gidan, aikin ya faɗo kaina. Na sayi sabon kaye na rubutu, na zauna a bakin maƙera ranar Asabar. Baba ya sa guntun ƙarfe a wuta, ya ciro.

“Rubuta. Jan hanta.”

Na rubuta da Hausa, na rubuta ja da Faransanci. Ya mayar, ya ciro.

“Jan gauta.”

Na rubuta ja.

“Jan goro, na bakin tsohuwa.”

Na sake rubuta ja. Bai iya karatun boko ba, amma ya iya ganin abu ɗaya sau uku. Ya leƙo kayen ya sa yatsa mai gawayi a kan shafin.

“Wannan da wannan da wannan ba iri ɗaya ba ne?”

Na ce Faransanci ne, haka yake.

“Su Faransawan ja ɗaya gare su, ko kai ne ɗaya ka sani?”

Na ce zan duba ƙamus. Ya ce in duba da kyau, saura huɗu, kuma bai ma zo kan fari ba.